Takalmin da Bai Hau Gadon Sarauta Ba

Juma'a, daga unguwarmu ta Glenwood

Tun kafin asuba ina tsaye a kicin ina ɗura shayi a fulas, Maman Hanifa ta jingina da ƙofa tana kallona da idon barci. Ta ce, “Wai Baban Hanifa, duk wannan doguwar tafiya a kan takalmi ƙafa ɗaya?” Na ce mata alkawari na ɗauka, kuma da bakina na cika baki, ba wanda ya sa ni. Ta ce ai cika bakin ne ba ta yi mamakinsa ba. Ta miƙo min ledar dabino, ta koma ɗaki.

Bari in gaya muku yadda aka yi, ku 'yan gida. Akwai abokin aikina Dinesh, mutumin Indiya, shekarunmu da yawa tare a wani babban sito da ke Wendover a nan Amurka, shi yana tuƙa motar ɗaga kaya, ni ina duba abin da ya shigo. Ranar da za a haifi Hanifa ƙanƙara ta rufe garin nan, motata ta ƙi tashi, shi ya fito ya kai mu asibiti. Tun daga lokacin ba na masa kallon baƙo.

Duk shekara idan ganye ya fara ja, jama'arsu sukan yi wasan kwaikwayo na addininsu, kuma mahaifin Dinesh ne yake shirya shi tun zuwansu ƙasar nan. Bana idanun tsohon sun kusa ƙarewa, ya ce daga wannan ya ajiye. Kuma sai bana ya yarda ya ba ɗansa matsayin da ya daɗe yana roƙo. To, wasan ba ya yiwuwa sai da wani takalmi da ake ɗorawa a kan gadon sarauta, nasu kuwa da tsohon ya taho da shi daga ƙasarsu ruwa ya shiga ɗakin ajiya ya lalata shi. An ce a sayo a waya, tsohon ya ce atafau ba zai ɗora abin da inji ya buga ba, sai aikin hannun mutum. Da Dinesh ya gaya min, ya zaro waya zai nuna min hoto, na ture hannunsa. Na ce, “Kai, ɗan baduku za ka koya wa takalmin sarki? A rumfarmu ta Kurmi aka yaye ni. Bar min wannan.” Na kira ƙanena Sagir a Kano, wanda yake riƙe da rumfar tun rasuwar Babanmu, na ce ya yi min takalmi na gani na faɗa, kowane awo ne ma, tunda ba sawa za a yi ba. Ya yi, ya ba Hajiya Turai da za ta zo wurin ɗiyarta a Maryland. Jirginta ya sauka ranar Alhamis, wasa kuma ranar Asabar. Ban yarda da gidan waya ba, na ce da ƙafata zan je.

Ina idar da sallah na ji hon a waje. Dinesh ne da motarsa, ya ce ba zai bar ni in tuƙa ni kaɗai ba. Unguwar shiru, sai wani ɗalibi da ya wuce mu a keke da jaka a baya, bas ɗin farko ma bai fito ba.

Durham zuwa Petersburg

Muka bi babbar hanya ta Burlington, gari ya waye mana a wajen Durham. Wanda ya saba hanyar Kano zuwa Kaduna zai yi ta zuba ido ya ga shinge, babu ko ɗaya, sai dai motar 'yan sanda da take laɓewa a bayan itatuwa, kana hango ta ƙafarka ta sauka daga totur da kanta. Bayan mun shiga Virginia muka tsaya gidan mai. Na sayi wani abu da suka kira shayi, na kurɓa sau ɗaya na koma wa fulas ɗin Maman Hanifa.

A wannan miƙaƙƙiyar hanyar, dama da hagu duk dogayen itatuwa, na ce wa Dinesh ya ba ni labarin wasan sosai, don in san abin da takalminmu zai je yi. Da Turanci muke magana, sunayen mutanen labarin kuwa sun fi ƙarfin harshena, don haka zan ce wa da ƙane kawai.

Wai wani sarki ne ya ɗauki alkawarin da ya zame masa ƙaya. Saboda alkawarin aka tura babban ɗansa, wanda kowa yake so, ya je daji ya yi shekara goma sha huɗu, aka ce ƙanensa ya hau gado. Ƙanen ba ya gari lokacin. Kuma ba rago ba ne, jarumi ne da ya iya baka da doki, runduna tana bayansa. Da ya dawo ya tarar uban ya rasu don baƙin ciki, gado yana jiransa, sai ya tara mayaƙa ya nufi dajin.

Na ce, “To, shi ke nan, zai je ya ƙarasa shi.”

Dinesh ya yi dariya har motar ta ɗan karkata. Ya ce haka mutanen dajin ma suka zata. Amma yana isa ya zube a ƙafafun wansa yana roƙo ya dawo ya karɓi abinsa. Wan ya ce maganar uba ba ta faɗuwa ƙasa, sai ya cika shekarun. Sai ƙanen ya ce to a ba shi takalmin da ke ƙafarsa. Ya ɗora shi a ka, ya kawo gari, ya ɗora a kan gado. Shi kuma ya koma wata bukka a bayan gari, kullum ya zo ya gaida takalmin, ya yi shari'a da sunan mai shi, har shekarun suka cika.

Na ce, “Lallai wannan ba ɗan zamani ba ne. Yanzu ka bar wa ƙanenka kujera ka shiga banɗaki, ka fito ka ga ya sa an yi mata fenti da sunansa.” Dinesh ya ce shi ne zai fito a ƙanen. Ya ce yana yaro yakan ga babansa yana yin wannan matsayi, mata suna kuka, shi kuma yana ɓuya a bayan labule yana kwaikwayo. Muryarsa ta ɗan canza da ya faɗi haka, sai na miƙa masa dabino.

Richmond zuwa Maryland

Daga Richmond hanya ta cika maƙil. Muka yi ta jan ciki, mota a gaba mota a baya, Dinesh yana maimaita kalmominsa na wasa da yarensu, yana ɗaga hannu ɗaya sama, wata Baturiya a motar da ke gefenmu ta ɗage gilashinta. Na ce masa ya sauke hannun kafin a kira mana hukuma. Sai bayan azahar muka isa.

Hajiya Turai maƙwabciyarmu ce a Kano, ta san ni tun ina yawo ba wando. Tana ganina ta ce, “Auwalu! Kai ne ka yi wannan tumbi? Amurka ta karɓe ka.” Aka shimfiɗa mana abinci kamar za a ciyar da unguwa, farfesun kan sa, kilishin da ta ce kada in tambayi yadda ya iso, tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ce mata, “Hajiya, abokina fa ba ya cin nama.”

Ta ce, “Ayya, bawan Allah. Ciwo ne? To a kawo masa kaza.”

Na ce kaza ma nama ce a wurinsu. Ta ce to kifi fa? Na ce shi ma. Ta riƙe haɓa ta dubi Dinesh da tausayi, shi kuwa sai murmushi yake yana sunkuyar da kai. Ƙarshenta da kanta ta shiga kicin ta yi masa wake da shinkafa da mai da yaji, ta tsaya a kansa har ya cinye, ta ƙara masa. Ya ce min a asirce yajinta ya fi na babarsa zafi, amma kada in gaya wa kowa.

Bayan la'asar ta fito da saƙon. Sagir ya naɗe shi da takarda, ya saka a kwali, ya zagaye shi da salatif kamar ba za a taɓa buɗewa ba. Dinesh ya miƙo hannu, na janye. Na ce ba mai gani sai a gaban mahaifinsa, wanda ni ma Baba nake ce masa, tsohon shi zai fara taɓawa. A falonsu muka kwana, ni a doguwar kujera, shi a katifar da ake hura wa iska, wadda ta sace kafin safiya ta ajiye shi a ƙasa.

Asabar, Summerfield

Muna yin asuba muka kamo hanya, Hajiya ta cika mana bayan mota da duk abin da za ta iya ɗauka. Hanya fayau, ba mu tsaya ba sai sau ɗaya. Ba mu shiga cikin gari ba, muka zarce Summerfield, inda su Dinesh suka kama hayar wani babban ɗakin ajiyar ciyawa a gonar dawakin wata Baturiya. Rana ta take tsaka muka isa. An share wurin, an rataya furanni ruwan ɗorawa, mata suna ta kai da kawo da manyan tukwane, takalman jama'a jere a bakin ƙofa. Wasa sai bayan la'asar.

Baba yana zaune a kujera a waje, sanye da fararen kaya, da sandarsa a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na yanka salatif da makullin mota, na buɗe. Wallahi Sagir ya yi aiki. Tafin ƙirgi mai kauri, sama jar fata da aka yi wa ado da kore da baƙi, ɗinkin nan sirara a jere. Ƙamshin rumfarmu ya buge ni har sai da na lumshe ido. Na ɗora a hannun tsohon ina jiran yabo.

Ya shafa sau ɗaya, ya kai kusa da hancinsa, sai ya ajiye shi a cinyata a hankali. Na dubi Dinesh na ga fuskarsa ta zube.

Baba ya ce, “Ɗana, wanda ya ɗinka wannan hannunsa mai albarka ne. Amma fatar saniya ce ko?”

Na ce, “Fatar sa ce, Baba, zaɓaɓɓiya. Babu irinta a kasuwa.” Ina faɗa ina jin abin da na faɗa. Ni da na kwana ina yi wa Hajiya bayanin abin da Dinesh ba ya ci, ban taɓa kawowa a raina cewa dabbar da suke girmamawa kamar uwa ita ce na ɗauko fatarta tun daga Kano ba. A wurinmu takalmin sarki fata ne, ba ya ma buƙatar tambaya. A wurinsu kuwa katako ne, shi ma ba ya buƙatar tambaya. Ko bel ɗin fata ba ya hawa dandalin nan, balle a ɗora a ka.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Dinesh ya ce a yanka kwali a shafa masa fenti. Baba ya girgiza kai, ya ce ba a yi wa gadon nan ƙarya, gara a cire wannan ɓangaren gaba ɗaya. Ya faɗa ba tare da fushi ba, har yana dafa kafaɗata. Amma wannan ɓangaren shi ne na Dinesh, in an cire shi babu abin da ya rage masa sai tsayuwa.

Na koma bayan mota na kira Sagir ta bidiyo. Can yamma ce, yana rumfa. Na gaya masa, ya yi ta dariya har wayar ta faɗi. Da ya ɗauko ta ya ce, “Yaya, tambayi tsohon yadda nasu yake.” Na kai wayar. Baba ya kwatanta da hannu: katako shimfiɗaɗɗe da siffar ƙafa, da ɗan turke mai kai wanda ake maƙalewa tsakanin babban yatsa da na kusa da shi.

Sagir ya ce, “Af! Ai dangarafai ne. Yaya, ka manta na Kaka da take sawa da damina ta tsallaka taɓo? Nemo katako mai kauri, ka ɗora wannan takalmin a kai ka zana. Ina nan ba zan rufe ba.”

Wendover da dawowa

Ban san yadda muka isa Wendover ba. Ranar Asabar ce, kowa ya fito sayayya, danja bayan danja, Dinesh yana dukan sitiyari yana addu'a da yarensu, ni ina yi da nawa. Muka shiga babban kantin kayan gini a guje. Katako ba wuya. Turken ne ya ba mu aiki, har sai da na hango mariƙin durowa na itace, mai zagayayyen kai, na ɗaga wa Dinesh. Ya sa shi tsakanin yatsun hannunsa ya gwada, ya ce shi ne. Muka haɗa da samfefa da noti biyu.

Da muka koma, mai gonar ta ara mana zarton lantarki ba ta ma tambayi dalili ba. Na cire riga, na jingina wayar da damin ciyawa, Sagir ya zama maigida. “Yaya, ba haka ba, bi layin. Kai, hannunka ya mutu a Amurka! Dunduniyar ta yi faɗi, rage.” Ƙanena da na goya, yau shi yake min tsawa a gaban dawaki. Dinesh yana riƙe katakon, wasu tsofaffin mata biyu sun zo sun tsaya suna ba da shawara da yaren da ba na ji.

Ina cikin gugar gefe na ɗaga kai na dubi wayar sosai. Rabona da rumfar nan shekara goma sha ɗaya, kuma duk wayar da muke yi fuskarsa kawai nake gani. Yau da ya jingina tasa wayar nesa, sai ga rumfar gaba ɗaya. Ga kujerar marigayi Babanmu a wurinta, da buzunsa a shimfiɗe a kai, tsaf, ba ƙura. Sagir kuwa yana zaune a kan ɗan kututturen nan na bakin ƙofa, inda yake zama tun yana koyo, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Mutum mai 'ya'ya huɗu.

Na ce, “Sagir, me ya sa ba ka zauna a kujera ba?”

Ya waiwaya ya dube ta kamar na tambaye shi abin da kowa ya sani. Ya ce, “Ai wurinka ne, Yaya. Goge can gefen, akwai tsini.” Daga nan masu gadin kasuwa suka fara kaɗa mutane, ya ce sai da safe, ya kashe.

Na ɗaure turakun, na goge da ƙyalle, na kai wa Baban Dinesh. Ya shafa su sama da ƙasa, ya bi gefen da yatsa, ya gwada turken ko zai motsa. Sannan ya kai su goshinsa. Ya ce wa Dinesh wani abu gajere, Dinesh ya ruga sa kaya.

Wasan

Kowa da addininsa, ni maƙwabtaka ta kawo ni, don haka da suka fara ibadarsu na zagaya bayan gonar na yi la'asar, sannan na dawo na zauna a layin baya. Maman Hanifa ta iso da yarinyar. Ta dubi garin katako a gashina ta ce, “Ina takalmin Kanon?” Na ce labarin da tsawo.

Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane komai. Ga Dinesh, wanda na saba gani da rigar aiki mai ƙyalli, ya fito da baka a kafaɗa da rawanin zinariya na roba, yara suna bin sa a matsayin runduna. Ya zube a gaban wan nasa. Ya cire rawanin ya ajiye a ƙasa. Da aka miƙa masa dangarafan nan namu na mariƙin durowa, ya ɗora su a ka da hannu biyu, ya taka a hankali har gaban gadon, wurin ya yi tsit, sai shessheƙar mata. Baba yana gefe a kujerarsa, ba ya gani sosai, amma leɓɓansa suna bin kowace kalma tare da ɗansa. Hanifa ta miƙe tsaye a kan benci ta faɗa da Turanci da ƙarfi cewa babanta ne ya yi takalmin. Aka juyo ana dariya da hawaye a fuska, uwarta ta janyo ta ƙasa.

Ni ma na share ido, ba zan ɓoye ba. Ina kallon gadon da ba kowa a kai, kututturen bakin ƙofa nake gani.

Bayan an tashi aka cika mu da abinci, shinkafa kala uku, wake iri-iri, da wani zaƙi mai kama da alkaki da Maman Hanifa ta nemi a ƙulla mata. Baba ya riƙe hannuna ya ce in gaida ƙanena, in gaya masa aikinsa biyu duk sun yi kyau.

Gida

Muka iso Glenwood ana shirin magariba. Na shigo da kwalin Sagir na ajiye a falo. Maman Hanifa ta ce tunda sarkin Indiya ya ƙi, ai sai in gwada ko zai shige ni. Na zura ƙafa don wasa. Ya zauna daram, har ɗan karkacewar babban yatsana na hagu an bar masa wuri. Ni da na ce a yi kowane awo.

Da safe na tambayi Sagir. Ya ce, “Kwalin awon ƙafarka da Baba ya yanka yana nan rataye a ƙusa. Da wanne zan yi?”

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hajiya Turai da wakenta, da mai gonar da zartonta, da Dinesh da mahaifinsa da suka rufa min asiri a ranar da na tona wa kaina. Ranar Litinin na shiga ofishin shugabanmu na nemi hutu, an ba ni bayan sallah ƙarama. Kai kuma Sagir, na san za a karanta maka wannan a rumfa. Ka kaɗe buzun, ka bar kujerar inda take. Ina zuwa da takalmin nan a ƙafata, in kama hannunka in zaunar da kai a kanta da kaina.